Wanda ya shirya mana SharePoint: hannu mai kyau, amma ya tafi da makulli

Ofishinmu na nan Damagaram ya daɗe yana biyan kuɗin Microsoft 365, amma banda imel da Teams ba abin da muke taɓawa. Takardun neman kuɗin mai da na kayan aiki daga ma'aikatanmu na Magariya, Mirriya da Tanut a hannun direbobi suke zuwa. Shi ya sa aka ɗauko wani matashi daga Yamai ya gyara mana SharePoint, ma'ajiyar takardu da bayanai ta intanet da ke cikin Microsoft 365, yadda zai dace da aikinmu.

A faɗi gaskiya, yaron ya iya. Ya yi mana fom da Power Apps, manhajar haɗa fom na waya: ma'aikaci ya cika a wayarsa, ya ɗauki hoton rasit, Power Automate, manhajar da ke tura saƙo da kanta, ya miƙa wa kontabul, daga can darakta ya amince a cikin Teams. In rezo ya ɗauke, fom ɗin na riƙe abin da aka rubuta har ya dawo, wanda kuwa ya san hanyar Tanut ya san darajar wannan. Har Hausa ya sa a kan maɓallan kusa da Faransanci. A lokacin da an tambaye ni, yabo kawai zan yi.

Kwangilarsa ta ƙare, aka rufe asusun da aka buɗe masa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya bar aiki. Daga ranar komai ya tsaya cak, mu kuma ba mu sani ba. Mutane na cika fom, waya na cewa an aika, bayanan na shiga jerin SharePoint, amma ba abin da ke isa teburin kontabul. Ga ƙarshen wata. Wani dattijo cikin ma'aikatanmu na Magariya ya kira ni rai a ɓace: "Malam, in sallamar mu za a yi, a faɗa mana mana." Ya ci bashin mai ya zuba a babur, shiru ba a biya shi ba. Kunya ta ishe ni.

Ashe duk hanyoyin Power Automate ɗin da sunansa ya gina su, da asusunsa suke tafiya. Bai buɗe asusun ofis na musamman ba, bai saka ko mutum ɗaya cikinmu a matsayin abokin mallaka ba, bai bar mana ko shafi ɗaya na bayani ba. Da ƙyar ya ɗaga waya, da ya ɗaga kuma sai ce min ya yi, "Yallaɓai, wannan ba ya cikin kwangila." Wai sabon kuɗi!

SharePoint ɗin kansa ban ga laifinsa ba. Kwandon shararsa ma, mai ajiye abin da aka goge har kwana 93, shi ya maido mana da takardar kasafi da wani ya share. Sai dai ina tuna wannan sai wani takaicin ya taso: jerin rasit ɗinmu ya haura 5,000, shafin kontabul ya ƙi buɗewa. Duk mai wannan sana'a ya san da iyakar nan, ya san ana sa wa ginshiƙan jerin fihirisa, mai sauƙaƙa bincike a cikinsa, tun da wuri. Shi bai sa ba, ga shi mun biya shi cif har da kuɗin motar komawa Yamai. Tauraro biyu cikin biyar na ba shi, ɗayan ma albarkacin Hausar da ya sa a maɓallan.