Shagon man 2T a Suame Magazin da tsohon babur ɗina mai ƙafa huɗu

Babur ɗin da nake zagaya gonar masarata da shi a gefen Ejura Yamaha Blaster ne mai ƙafa huɗu, wanda na saya na hannu a nan Kumasi. Kamfanin ya ƙera wannan samfuri daga 1988 zuwa 2006, saboda haka duk wanda ya mallaki ɗaya a yau tsoho ne a hannunsa. Injinsa mai bugu biyu ne (wato 2T), girmansa cc 195, iska ce ke sanyaya shi, kuma irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a ƙarƙashinsa: ɗan man da ya shiga tare da fetur shi kaɗai ne ke jiƙa fistin da karanshaf. Asali yana zuwa da ƙaramin famfo da ke zuba man da kansa, amma wanda ya sayar mini ya riga ya cire shi, ya ce a riƙa haɗawa a tanki, bai kuma faɗi adadi ba. Yaran gona suka riƙa tsiyaya baƙin man mota da ido. Ba a cika wata uku ba fistin ya kama.

Makaniken da ya gyara injin ne ya tura ni wani ƙaramin shago a layin masu kayan babur na Suame Magazin, unguwar makanikai da ke Kumasi, wurin wani dattijo mutumin Aboabo da kowa ke kira Alhaji, kuma shagon nan ne nake son in yi bayaninsa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙo mini kwalba ba sai da ya yi tambaya: wane inji ne, famfon yana nan ko an cire, kuma aikin gona yake yi ko gudu? Da ya ji an cire famfon, sai ya ce, “Malam, an toshe ƙofar da tiyon man yake shiga?” Na ce ban duba ba. Ya bayyana mini cewa idan aka bar ta a buɗe injin zai riƙa jan iskar da ba a auna ba, ya yi zafi fiye da kima, ko da man da ke tankin ya fi kowane kyau.

Kayansa ba su da yawa, amma ya san abin da ke rubuce a bayan kowace kwalba. Ya nuna mini alamar JASO, ma'aunin ƙasar Japan na man inji mai bugu biyu, mai matakai FB, FC da FD. FC ya fi FB ƙarancin hayaƙi da ƙarancin toshe salansa, FD kuwa ya ƙara da tsabtace cikin inji. Ya ja kunnena game da kwalabe masu alamar TC-W3 kaɗai, domin an yi su ne saboda injin kwalekwale da ruwa ke sanyayawa, wanda ba ya kai zafin injin da ya dogara da iska a tsakar ranar Ejura. Saboda wannan dalili ya hana ni kusantar feturin firimis, wato wanda aka riga aka haɗa da mai, da gwamnati ke sayar wa masunta a kan rangwame: na injin ruwa ne, kuma haƙƙin masu kamun kifi ne. Baƙin man mota kuwa ba a yi shi don a ƙona shi ba, toka da gawayi yake bari a kan fistin har zobba su maƙale. Na ɗauki Motul 710, wanda ke ɗauke da alamar JASO FD.

A kan awo ne muka fi daɗewa, kuma nan ne na ga amfanin wurin. Alhaji ya tsayar mini da 32:1, wato kashi 32 na fetur a kan kashi 1 na mai. Ya ɗauki alli ya rubuta lissafin a jikin ƙofa: lita ɗaya tana buƙatar kimanin mililita 31, lita biyar 156, lita goma kusan 313. Na ce masa masu injin yankan katako 50:1 suke yi, wato mililita 20 a lita, me zai hana in bi sahunsu in rage kashe kuɗi? Ya ce, “Malam, wancan awo ne da kamfaninsu ya yanke wa injinsu da mansu. Naka ya tsufa, yana jan kaya a hankali cikin rana, iskar da ke bugunsa kaɗan ce.” Na gamsu, domin kuɗin mililita 11 da za a tsimi a kowace lita ba ya kusa da kuɗin sabon fistin da ladan makanike, kuma ni na riga na biya su sau ɗaya.

Da na ce to bari in ƙara har 20:1 don hankalina ya kwanta, sai ya girgiza kai, ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakin wani mai shago ba. Ramin jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta, adadin ruwa ɗaya yake wucewa da shi. Idan mai ya yi yawa a cikin haɗin, feturin ya ragu ke nan, sai iska ta rinjayi fetur, injin ya ƙara zafi, ga dattin fulogi da baƙin mai na ɗiga daga salansa. Wannan ne ma ya sa Blaster da aka cire wa famfo yakan buƙaci a duba jet ɗinsa, tun da a da fetur zalla ke bi ta ramin. Shawararsa ita ce a zaɓi awo ɗaya, a daidaita kafireta a kansa, a daina sauyawa. Bayan haka a riƙa kwance fulogi ana dubawa: idan bakinsa ya yi kalar shayi da madara, lafiya, fari fat alamar haɗari ce, baƙi mai danshi kuwa alamar fetur ko mai ya yi yawa.

Ya sayar mini da kofin awo mai zane, ya ce a haɗa a jarka mai tsabta, a fara zuba rabin fetur, a sa mai, a jijjiga, sannan a cika, kuma kada a haɗa abin da zai wuce 'yan makonni yana ajiye. Ya tuna mini cewa man giyar babur dabam yake, ba ruwansa da wannan haɗi.

Wurin yana da nasa rauni. Man ya yi tsada, kusan ninki biyu na wanda ake ɗurawa a robar ruwa a bakin titi, kuma Alhaji ba ya ragi ko na sidi ɗaya. Shagon matsattse ne, babu wurin zama, idan ruwan sama ya sauka layin yakan zama taɓo. Ba ya ajiye kaya da yawa, har sau ɗaya na je na tarar irin nawa ya ƙare, na jira kwana huɗu, domin ya ƙi ba ni wani iri in gauraya da ragowar da ke jarka. Wanda yake gaggawa zai ƙosa da dogon bayaninsa, ko da yake ni bayanin ne ya sa na koma.

Yanzu an yi damina ɗaya da hunturu ɗaya ina kan wannan mai da wannan awo. Injin yana tashi a bugu na biyu ko na uku, hayaƙin ya ragu sosai, fulogin NGK BR8ES da aka sa lokacin gyara shi ne har yau a ciki. Duk mai tsohon Blaster, ko wani babur mai bugu biyu, da ke Kumasi da kewaye, ina ba shi shawara ya nemi irin wannan shago a Magazin, ya tafi da fulogin da ke cikin injinsa a aljihu, domin shi ne abu na farko da Alhaji zai ce a nuna masa.