Gumurzun Gettysburg a fim: kyamara daga nesa ko a tsakiyar sahu?

Daraktan da zai yi fim kan gumurzun Gettysburg na Yulin 1863, a yaƙin basasar Amurka, dole ya zaɓi inda zai kafa kyamararsa.

In ya kafa ta daga nesa, za ka ga yadda Janar Lee ya tura sojojin Kudu kimanin 12,500 suka keta buɗaɗɗen fili a rana ta uku, suka tunkari rundunar Arewa ta Janar Meade da ke jiransu a kan tudu. Kuskuren manya yana fitowa sarari, amma mutane sun koma tururuwa.

In kuwa ya shigar da ita cikin sahu, hayaƙin albarushi ya rufe ido, matashi na yage takardar harsashi da haƙori, hannu na rawa yana ɗura bindiga ta baki, na gefensa ya faɗi bai ko waiwaya ba. Ni wannan na fi so. Fiye da rabin waɗanda suka shiga filin an kashe su, an jikkata su ko an kama su, kuma daga nesa ba a jin zafin haka. Illarta dai, mai kallo kan tashi bai gane abin da ya rusa harin ba, sai an fara nuna masa shawarar hafsoshi.