Ruwan teku ko na kogi, wanne zai riƙe Accra?

A unguwar Nima, famfo na ɗauke ruwa sai ka ga jarkoki rawaya jere a ƙofar gida tun asuba.

Wasu na hangen Dubai, birnin hamada da ke tace ruwan teku ya sha. Mu ma akwai irin wannan matatar a unguwar Teshie tun 2015. Teku ba ya ƙafewa, gaskiya ne, amma injinan akwai cin lantarki, kuɗin kuma kan talaka yake faɗowa.

Ni dai na fi karkata ga kogi, tunda Dubai ba ta da kogi irin namu na Volta. Ruwan Volta a Kpong da na kogin Densu a Weija sun fi araha. Matsalarsu gurɓata, da tsofaffin bututu masu yoyo a hanya.