Tsohon Kaset Ɗin Biki Da Manhajar Tace Bidiyo: Abin Da Zan Saya Da Abin Da Ba Zan Taɓa Ba

Bayan Sallah Babba Gwaggo ta aiko min da wata leda daga Tudun Wada, a ciki akwai ƙananan kaset guda goma sha ɗaya da wata tsohuwar kyamarar Sony. Da na kira ta sai ta ce, "Ɗan nan, bikin yayarka ne da walimar saukar marigayi, a juye min su a waya in riƙa gani." Na ce, "To Gwaggo, amma sai kin yi haƙuri, aikin ba na yini ɗaya ba ne." Irin wannan saƙon yana yawan zuwa min, domin na daɗe ina ɗaukar biki da suna da wa'azi a cikin garin Kaduna, tun lokacin da ake yawo da kaset a aljihu. Kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa: wace manhaja zan saya? Ni kuwa a wurina wannan ita ce tambaya ta biyu. Ta farko ita ce yadda hoton zai fito daga kyamara ya shiga kwamfuta bai lalace ba.

Duba kyamararka tukuna. In mai katin memori ce ko mai rumbun ajiya a ciki, ka huta: ka jona ta da USB ka kwafe. Sai dai ka kwashe foldar gaba ɗaya, kada ka tsinci fayilolin bidiyon, masu suna MTS, ɗaya-ɗaya, domin kyamarar tana datsa dogon ɗauka gida-gida, in ka bar wani a baya sai ka ga huɗubar ɗaurin aure ta yanke a tsakiya. In mai ƙaramin faifan DVD ce, dole a kammala faifan a cikin kyamarar, wato abin da take kira Finalize, kafin kwamfuta ta iya karanta shi. Wahalar tana wajen masu kaset.

Kaset ɗin MiniDV, irin na Gwaggo, hoton da ke kansa na dijital ne tun asali. Ana juye shi ta ƙofar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, wasu kuma su rubuta mata IEEE 1394 ko DV. Ta wannan ƙofar abin da ke kan kaset shi ne zai sauka a kwamfuta, ba ragi ba ƙari. Awa ɗaya na ɗauka yana cin awa ɗaya na juyewa, kuma yana cin wajen giga 13. Ke nan kaset ashirin sun kai giga 260. Ƙofar USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori ta hotunan kati ce, ba ta fitar da bidiyon kaset da cikakken ingancinsa.

A nan aka taɓa cutata, kuma har yau abin yana min ciwo. Wani mai shago a cikin gari ya sayar min da wata waya, baki ɗaya USB ɗaya bakin FireWire, ya rantse min cewa ita kaɗai ta isa. Na koma gida na jona, kwamfuta ba ta ga komai ba. Na cire na mayar, na sake cirewa na mayar, daga ƙarshe ƙofar kyamarar ta mutu murus. Kyamarar da na yi shekaru ina ci da iyalina da ita. Ku ji ni da kyau: USB da FireWire ba yare ɗaya suke yi ba, babu wata igiya zalla da za ta haɗa su. Duk wanda ya miƙo maka irin wannan wayar, ko bai sani ba ne ko ya sani yana son kuɗinka. Har yanzu tana nan birjik a shaguna da shafukan saye da sayarwa na intanet, cikin leda mai kyau da rubutu mai ɗaukar ido. Kada ka saya ko da kyauta aka ce ka ƙara kuɗin mota.

Hanyar gaskiya guda biyu ce. Ko ka sa katin FireWire a kwamfutar girke, wanda ake soka shi a ramin PCIe, kuma in ka samu mai ƙwaƙwalwar kamfanin Texas Instruments ya fi zama lafiya da kyamarori. Ko ka nemi tsohuwar laftof ta gwanjo mai wannan ƙaramar ƙofar a gefe. Wasu tsofaffin HP EliteBook da Lenovo ThinkPad suna da ita, kuma masu sayar da kwamfuta a kewayen Ahmadu Bello Way ba sa rasa irinsu. Je da kyamararka a gwada a gabanka kafin ka biya. Sannan ka kashe kyamara da kwamfuta duka kafin ka jona wayar, domin babban bakin mai fil shida yana ɗauke da wuta, in ya shiga a karkace zai ƙona ƙofar. Wata 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna WinDV ita nake juyewa da ita, ba ta da wani ado, aikinta kawai take yi.

Masu kaset ɗin VHS da Hi8 kuwa, hotonsu ba na dijital ba ne, sai an bi ta wata na'ura mai karɓar wayoyin nan uku, rawaya da ja da fara, ta miƙa wa kwamfuta ta USB. Wadda ta cika kasuwa ita ce EasyCap, kuma jabunta ya fi na gaske yawa. Kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma cikin kowacce daban: wata ta ba ka hoto babu murya, wata muryar ta riga bakin mai magana, wata ta yi zafi bayan minti ashirin ta tsaya. In aljihu zai ɗauka, ta Elgato ta fi kwanciyar hankali. Akwai kuma wata dabara: wasu kyamarorin Digital8 na Sony suna kunna kaset ɗin Hi8 su fitar da shi ta FireWire, kuma hoton ya fi na EasyCap nesa ba kusa ba.

To yanzu manhaja. Ni Shotcut nake so, kuma ba zan ɓoye ba. Kyauta ce ta gaske, ba ta buga maka tambari a kan hoto, ba ta neman ka buɗe asusu, ba ta neman intanet bayan ka sauke ta, kuma saukewar ba ta kai rabin giga ba. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ba ta ƙyamar tsohon fayil. Tana amfani da FFmpeg, injin da ke karanta nau'ukan fayilolin bidiyo iri-iri, shi ya sa AVI ɗin da WinDV ya fitar, da VOB na faifan DVD, da MTS na kati, da bidiyon waya, duk za ka jera su a layi ɗaya ta buɗe ba gardama. Wanda ya taɓa kwana yana neman yadda zai sauya fayil don kawai manhaja ta yarda ta gan shi ya san darajar wannan.

Tsohon bidiyonmu na tsarin PAL ne, faɗi 720 tsayi 576, hoto 25 a daƙiƙa, kuma a saƙe yake layi-layi saboda tsohuwar talabijin. Shi ya sa in ka kunna shi a kwamfuta za ka ga kamar haƙoran mataji a gefen hannun mai rawa ko dokin hawan Sallah. Shotcut tana da wurin warware wannan saƙar lokacin fitar da aiki, kuma tana barinka ka tsayar da hoton a kan sifarsa ta 4:3, fuskar amarya ba za ta baje kamar faranti ba. In kyamarar daga Amurka aka zo da ita, tsarinta NTSC ne, 720 da 480, sai ka saita aikin a kan haka tun farko.

Sai maganar ƙarfin kwamfuta. Yawancinmu da laftof ta gwanjo muke aiki, mai RAM giga 8, wani lokaci ƙasa da haka. Shotcut tana tafiya a kanta. In fayil ya yi mata nauyi, akwai tsarin da take yin ƙaramin kwafi mara nauyi ka yi yanka da shi, in ka gama ta koma kan na asali ta fitar. Tana kuma ajiye aiki da kanta lokaci-lokaci, wanda duk mai aiki da wutar garin nan ya san amfaninsa. Sau da yawa an ɗauke wuta batir ya mutu, na dawo na tarar da aikina. Aibinta ɗaya da zan faɗa: fuskarta ba ta da kyan gani, kuma kwana biyun farko za ka yi ta laluben inda abubuwa suke. Bayan nan hannu ya saba.

DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic babbar manhaja ce, wajen gyaran kala babu kamarta, akwai ta kyauta akwai ta dala 295. Amma tana son RAM giga 16 da katin hoto mai ƙarfi, saukewarta kaɗai ta haura giga 2. A kan laftof ɗinmu sai dai ka zauna kana kallon ta tana numfashi. Adobe Premiere Pro haya ce, kowane wata sai ka biya da kuɗin waje. Final Cut Pro sai mai Mac ko iPad. CapCut ta gajeren bidiyon TikTok ce, ba ta bikin awa uku ba. Filmora ta kyauta za ta shimfiɗa maka tambarinta a tsakiyar hoto bayan ka gama wahala. Kdenlive 'yar'uwar Shotcut ce, injinsu ɗaya, in ita ta fi kwanta maka ba laifi.

Na san abin da wani zai ce: ai ana zuba Premiere a shago da kuɗi kaɗan. Wannan ta sata ce da aka fasa, kuma ni na ɗanɗana kuɗarta. An taɓa zuba min irinta, ashe da ƙwayar cuta a ciki. Wata safiya na tashi na tarar duk fayilolina sun sauya suna ba sa buɗewa, har da bikin mutane uku da ban kai musu ba. Biyu na sake juyo su daga kaset. Na ukun na riga na ɗauki wani abu a kan kaset ɗin, sai da na je har gida na durƙusa gaban mahaifin amarya na ba shi haƙuri. Ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye gaba," amma na ga idon matarsa. Tun ranar ban sake bari an zuba min manhajar da ban san asalinta ba. Haka nan masu neman Windows Movie Maker su yi hattara: Microsoft ta daina ba da ita tun 2017, shafukan da ke tallarta yanzu suna neman kuɗi na bogi ne. Ita kanta Shotcut daga shafinta na asali za ka sauke ta, ba daga filashin wani ba.

Jabu bai tsaya nan ba. Akwai filashi da rumbun ajiya na waje da za a rubuta musu tera 1 ko 2, a sayar da arha, alhali cikinsu bai kai giga 32 ba. Kwamfuta za ta nuna maka kwafi ya shiga lafiya, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da wayam. Gwada kowanne da H2testw, manhajar da ke auna ainihin girman ma'aji, kafin ka ɗora masa abin da ba za ka iya maye gurbinsa ba. In kuma shago za ka kai a juye maka, ka ce fayil na asali kake so. In aka ba ka awa ɗaya ta MiniDV a cikin mega ɗari uku, an matse ta an zubar da rabin kyanta, kuma kada ka yarda a turo maka ta WhatsApp a ce an gama. Karɓi kaset ɗinka ka ƙirga su a gaban mai shagon.

Kafin na taɓa na Gwaggo, sai da na tura ɗan makullin da ke bayan kowane kaset zuwa SAVE don kada a yi kuskuren ɗauka a kai, na duba ta tagar kowanne ko funfunar damina ta kama zaren. Biyu sun yi fari-fari, na ware su, domin kaset mai funfuna yana toshe kan kyamara ya ɓata na bayansa. Na jona kyamarar da cajarta a kan inbata, ban dogara da tsohon batir ba. Wasu an ɗauke su a tsarin LP, mai tsawaita ɗauka zuwa minti 90, irin waɗannan sun fi yarda da kyamarar da ta ɗauke su, shi ya sa na ji daɗi da ta haɗo da ita. Tara sun fito lafiya. Na ajiye na asali a rumbu biyu, ɗaya a wurina ɗaya a gidanta, na fitar mata da ƙaramin MP4 na waya daga Shotcut. Biyun nan masu funfuna suna cikin kwali a saman sif, ina jiran iskar hunturu ta busar da gari kafin in buɗe su.