Shagon gyaran waya da ba ya tura mutum sayen sabuwa

Kusa da kasuwar Terminus a Jos akwai wani ƙaramin shagon gyaran waya, kuma mai shagon, wanda dattijon ikilisiya ne, ba ya gaggawar yanke hukuncin cewa waya ta mutu. Yakan buɗe ta a gabanka, ya goge dattin da ya toshe bakin caji, ya canza batirin idan ya kumbura, sannan ya faɗi kuɗinsa ba tare da tsawwalawa ba. Da na tambaye shi ko in sayi sabuwa, sai ya tuna mini ayar Littafi Mai Tsarki ta 1 Timoti 6:8 a kan wadar zuci da abinci da sutura, abin da masu talla ba sa son a ji. Aikinsa akwai jinkiri, kuma benci ɗaya ne na masu jira, amma wayata tana aiki sarai.