Katako ko interlock? Ka yi interlock, Malam

Malam, kan tambayarka ko ka sake dandamalin lambunka da katako ko da interlock, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa, ni dai na ce ka yi interlock.

Nawa da shi aka yi, a gindin mangwaro. Ruwan Agusta, wanda duk ɗan Kaduna ya san yadda yake kwana yana zuba, kafin a idar da sallar asuba ya tsane, yara su shimfiɗa tabarma su karya a kai. Da saiwar mangwaron ta ɗaga gefe ɗaya, magini ya cire 'yan guda kaɗan, ya gyara yashin ya mayar, ko buhun siminti ban saya ba. Wannan ne ya sa nake ƙaunarsa.

Amma aikin gaske a ƙarƙashi yake. A kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba marmara a daddanne ta sosai, sannan yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5. Interlock mai kaurin santimita 6 ya ishi wurin zama, mai 8 na inda mota ke hawa ne. Ka tsaya da kanka ranar da ake ɗaure igiya: kowace mita ɗaya ta gangara da kusan santimita 2, ta nufi kwata, ba bangon ɗaki ba. Saman dandamalin ya yi ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15, in ba haka ba sanyi zai hau bango, fenti ya riƙa ɓarewa. Ruwan indararo kuma kada ya sauka a kansa, a kama shi da bututu mai inci 4 a fitar. Gefe-gefen a ɗaure su da siminti, don nan yake fara watsewa. Wasu magina za su ce a shimfiɗa leda saboda ciyawa. Kada ka yarda, ledar tana riƙe ruwa, ciyawar kuma daga sama take tsira.

Katako yana da kyau a ido, ban musa ba. Sai dai damina ta kumbura shi, hunturu ya tsattsage shi, gara kuma tana jira. In ka nace, sai an ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe, a bar tazara tsakanin alluna, kana shafa maganin gara akai-akai.

Ka yi hattara da masu sayar da interlock. Akwai masu rage siminti su cika launi, ko su ba ka wanda aka buga jiya bai bushe ba. Ka zaɓo biyu daga tsakiyar jibgin, ba wanda aka miƙo maka ba, ka gwara su da juna, ka karce da ƙusa. In yashi na zuba, ka wuce gaba. Kuma a ƙirga a gabanka lokacin saukewa.

Ka bari ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba kafin a fara, amma tun yanzu ka fita lokacin da ake ruwa ka ga inda yake kwanciya a gidan, ka kafa turke a wurin.