Mutum-mutumin Durga na tagulla don ajin zane: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Malamin zane da ƙira da ke koyar da tarihin fasahar Indiya zai iya yin odar ƙaramin mutum-mutumin Durga ta intanet, mai inci 6 zuwa 10. A wurin Hindu abin bauta ne. A aji kuwa kayan nazari ne kawai, kuma yawancin masu araha ba su cika wannan aikin ba.

A fara ƙirga hannuwa. Durga mai kashe aljanin ɓauna Mahishasura tana da hannu takwas a sassaƙen dutsen garin Mahabalipuram na kudancin Indiya, na ƙarni na 7, goma kuma a salon yankin Bengal. Tana tare da zaki, tana riƙe da takobi, baka, faifai mai kaifi da ƙoƙon katantanwar teku, mashinta mai baki uku yana cikin jikin aljanin. Masu sayarwa kan cakuɗa sunanta da na wasu ababen bautar Hindu: mai hannu huɗu a kan furen bado tana zubo kuɗi Lakshmi ce, mai fitar da harshe da sarƙar kawuna Kali ce.

Sai zubin. Mai kyau shi ne irin na garin Swamimalai a jihar Tamil Nadu ta Indiya: a gina siffar da kakin zuma da ƙaro, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe, a fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Mai araha zubin yashi ne, a mazubi mai ɓari biyu. Ka bi gefensa da yatsa, za ka ji layin haɗi. Yatsun hannu a manne kamar na agwagwa, ido na ukun da ke goshi ya shafe. Makaman ma walda aka yi musu daga baya, nan suke karyewa a hanya. In maganaɗisu ya kama, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. In ba nauyi, kuma ba ya ƙara in an ƙwanƙwasa, roba ce da fenti.

Tagulla mai araha kan zo da dalma a ciki, don tana sauƙaƙa zubi da gyara. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010, ba sai an ja wa mutumin Zamfara kunne ba. Kada a goge mutum-mutumin da zarto ko takardar yashi a aji, ɗalibai su wanke hannu bayan taɓawa.

Da damina yakan yi koren tsatsa a lunguna. Ruwan tsamiya da tsumma mai laushi sun isa, a ɗauraye, a busar sarai. Toka da yashi irin na wanke tukunya suna cinye zanen fuska.

Don koyar da siffofi kawai, babban hoto mai kyau ya fi zubin yashi amfani. Wanda zai koyar da zubin kaki ne kaɗai ya kamata ya biya kuɗin na gasken, bayan ya nemi hoton baya da na ƙasan gindi.